'Yata tana da wani suna a intanet da ban san shi ba, me ya kamata uba ya yi?

Baban Yara, Unguwar Rogo, Jos

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a wannan zaure ba tare da na ce uffan ba, amma yau wata damuwa ta cikin gida ta sa dole in nemi shawarar malamai da iyayen da suka riga ni ganin irin wannan.

Babbar 'yata shekararta 16, tana aji biyu na babbar sakandare, kuma tana zuwa Islamiyya da yamma. A bara mahaifiyarta ta bar mata tsohuwar wayarta saboda zauren WhatsApp na ajinsu da kuma bitar tambayoyin JAMB, tunda yanzu da kwamfuta ake rubuta jarrabawar. Sharaɗin da na gindaya shi ne wayar ta riƙa kwana a ɗakin mahaifiyarta, kuma a iya sanina ba a taɓa karya shi ba. Makonni biyu da suka wuce ƙanwata ta zo gidan, ta ja ni gefe, ta nuna mini wani shafi a Instagram mai ɗauke da sunan da ban taɓa ji ba. Babu hoton fuska ko ɗaya a ciki, sai hotunan duwatsu cikin hazon safiya, da hannu mai lalle riƙe da biro, da gajerun rubuce-rubuce, wasu da Hausa, wasu da Turanci. Ƙanwata ta gane mai shafin ne ta wani hoto da aka ɗauka a tsakar gidanmu, inda ake ganin gefen randa da bishiyar gwaibar da na shuka da hannuna.

Washegari na zauna a shago bayan la'asar, da kasuwa ta lafa, na karanta komai tun daga farko. Ban ga batsa ba, ban ga zagi ba, ban kuma ga alamar wani namiji ba. Abin da ya hana ni barci wani rubutu ne inda take cewa idan ta je hutu Kano wurin dangin mahaifiyarta, dariya ake yi wa Hausarta, ana ce mata 'yar Jos da ba ta bambance "shi" da "ita", idan kuma ta dawo Jos aka miƙo mata takarda ana tambayar ƙaramar hukumarta ta asali, sai ta ji biron ya tsaya a hannunta. Kakana ya zo garin nan zamanin haƙar kuza, a nan aka haifi mahaifina, a nan aka haife ni, a nan aka haife ta, kuma ban taɓa sanin wannan tambaya tana cin ranta ba. A gida yarinya ce mai shiru-shiru, ba ta haɗa ido da ni, amsarta ba ta wuce "to, Baba". A shafin kuwa tana da baki, tana musu, tana kare ra'ayinta, kuma wadda ta fi yawan yi mata sharhi wata yarinya ce Kirista da ke zaune a Tudun Wada, unguwar da 'yata ba ta taɓa takawa ba.

Ina so ku gaya mini gaskiya. Wannan ɓoye suna da ɓoye hali fuska biyu ce da ya kamata in yi maganinta tun da wuri, ko kuwa wani abu ne da ban fahimta ba? Zuciyata ta farko ta ce in karɓe wayar, amma na kasa, domin na ji kamar a wannan shafin ne na fara jin muryar 'yata.

Malamar Hausa, Bukuru

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da alheri da ba ka yi gaggawa ba. Na shekara fiye da ashirin ina koyar da 'yan mata masu irin shekarunta, kuma abin da ka bayyana ba fuska biyu ba ce a ganina.

Ka tuna da dandali. A da, idan farin wata ya fito, 'yan mata kan taru su yi gaɗa, kuma a cikin waƙar gaɗa ne yarinya take faɗin abin da ba za ta iya furtawa a gaban iyayenta ba, ko wanda take so ne, ko wanda ba ta so ake neman ba ta, ko kishiyar uwa da ta matsa mata. Da habaici take faɗa, kowa ya ji, kowa ya gane, amma ba wanda zai kama ta ya ce ta yi rashin kunya. Ƙawayenta kuma sukan raɗa mata wani lakabi da ba a kiranta da shi a gida. Iyaye sun san da wannan fili, sun kuma bar shi da gangan, domin sun san yaron da ke tasowa yana bukatar wurin da zai gwada muryarsa a tsakanin sa'o'insa. A yawancin unguwanninmu na Jos dandali ya mutu, daga makarantar boko sai Islamiyya, daga Islamiyya sai gida kafin magariba, ga kuma rashin tsaro da ya sa ba a barin yara waje da dare. Bukatar ba ta mutu ba, wurin ne kawai ya koma cikin waya.

Masana halayyar ɗan Adam ma sun daɗe da lura da wannan. Erik Erikson, wanda ya yi aikinsa a Amurka a tsakiyar ƙarnin da ya wuce, ya bayyana cewa babban aikin da ke gaban matashi a shekarun balaga shi ne amsa tambayar "ni wane ne", kuma yana amsa ta ne ta hanyar gwada halaye da ra'ayoyi iri-iri, ya yar da wasu, ya riƙe wasu. Ina ganin haka a aji kowace shekara. Yarinya za ta canza sunan shafinta sau uku a zango ɗaya, wannan watan duk abin da take ɗorawa wa'azi ne da karatun Alƙur'ani, wata mai zuwa girke-girke, daga nan kuma ta koma rubuta labari a zaurukan marubuta na WhatsApp ko a Wattpad. Wanda bai sani ba zai ce rashin alƙibla ne, alhali awo take yi, kamar mai gwada atamfa a jikinta kafin a yanka.

Game da dalilin da ya sa ba ta faɗa maka ba, Malam, kai da kanka ka raine ta da kunya, kuma kunyar ce take aiki. 'Yar fari ba ta zama gaban ubanta ta ce "Baba, ban san ko ni 'yar ina ce ba." A tsarinmu irin wannan magana wurin kaka ake kai ta, ko wurin goggo, saboda wasa da sakin jiki da ke tsakaninsu. Tambayar da ta yi kuwa ba tata ba ce ita kaɗai. Tun daga rikicin Satumbar 2001, sannan na 2008 da na 2010, garin nan ya rabu unguwa-unguwa, kuma yaran da aka haifa bayan haka sun tashi ba su san zaman cuɗanyar da ni da kai muka sani ba, lokacin da ake aika wa maƙwabci naman layya, shi ma ya aiko da shinkafar Kirsimeti. Da yawa daga ɗalibaina a waya suka fara magana da sa'arsu ta ɗaya ɓangaren. Wannan yarinya ta Tudun Wada mai yiwuwa ita ma tana da tata tambayar.

Shawarata ita ce kada ka tare ta da kanka, kada kuma ka ci gaba da karanta shafin a ɓoye, domin ranar da ta gano za ta ji kamar an leƙa ta ta kafar ƙofa. Goggonta da ta gano shafin ita ce ta dace ta buɗe maganar cikin raha, ta fara da yaba rubutun. Idan hannunta ya faɗa, akwai inda za ta kai shi nan gaba da sunanta na gaskiya. Gasar Hikayata ta BBC Hausa tun 2016 take fito da mata marubuta, kuma duk ranar 26 ga Agusta ana bikin Ranar Hausa, wadda ita ma a intanet matasa suka faro ta a 2015.

Dattijon Gangare

Malama ta yi magana mai kyau, amma ina da ja a kan kwatancin dandali, kuma ina roƙon a yi mini uzuri. Dandali yana da iyaka. Duk wanda ke wurin an san ɗan gidan wane ne, tsofaffi suna zaune a ƙofar gida suna ji, kuma idan dare ya yi kowa ya watse, waƙar da aka yi ta bi iska. Wannan filin na waya ba shi da ƙofa, ba a tashi daga cikinsa, kuma yana da masu shi, waɗanda ribarsu ita ce yaro ya daɗe yana kallo. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar da takardun cikin gida da suka nuna kamfanin ya san Instagram yana ƙara wa wasu 'yan mata ƙin surar jikinsu. A ƙarshen 2024 majalisar Ostireliya ta yi dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafi a irin waɗannan kafafe. Mutanen da suka fi mu sanin kayan ke nan suke ja da baya.

Mu a Filato ma ba sai an ba mu labari ba. A 2018, lokacin kashe-kashen Barikin Ladi, an yaɗa hotunan gawarwaki a Facebook ana cewa a nan aka ɗauke su, daga baya binciken BBC ya nuna wasunsu ba ma a Najeriya aka ɗauka ba, amma kafin gaskiya ta fito an riga an tare hanya an kashe bayin Allah. Yarinyar da ke rubutu a kan asali da zama ɗan gari a Jos tana taɓa wuta ne ko da da kyakkyawar niyya, domin wani zai iya ɗaukar layi ɗaya daga maganarta ya kai shi inda ba ta nufa ba. Magana zarar bunu ce, ta intanet kuwa ta fi, don ko ka goge wani ya riga ya adana.

Ban ce a doke ta ba, ban kuma ce ta yi laifi ba. Da 'yata ce, zan saya mata littafin rubutu mai kauri, in ce ta zuba duk abin da ke ranta a ciki, a rufe shafin har ta gama WAEC. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Mai Gyaran Waya, Terminus

Ina gaida iyayena da malamaina. Ni ƙarami ne a cikinku, amma sana'ata ta sa wayoyin yara suna ratsa hannuna kullum, kuma ni kaina na bi ta wannan hanya.

Ina ɗan shekara 15 lokacin da manhajar hira ta 2go ke tashe, da wata ƙaramar Nokia mai madannai da nake ɓoyewa a cikin safa. Sunan da na sa wa kaina na Turanci ne, na ƙara wa kaina shekara biyar, na ce a Legas nake. Yanzu da na waiwaya na gane abin da nake gudu: a makaranta ana kwaikwayon yadda nake furta Turanci, ina jin kunyar a san ni Bahaushe ne ɗan mai sayar da gwanjo. Na kusan shekara biyu a cikin wannan rigar aro, har wata rana a wani zaure wani ya zagi Hausawa, na ga yatsuna suna rawa ina mayar masa da martani da sunana na yanka. Ba wanda ya yi mini wa'azi. Sai da na sa rigar wani na ji ba ta zauna mini ba, sannan na san tawa. Don haka idan na ga yaro da shafi biyu ko uku, ɗaya na dangi mai hoton sallah da gaisuwar Juma'a, ɗaya na abokai, ba na saurin yanke masa hukunci.

Baba Dattijo, da girmamawa, abin da nake gani idan an karɓe waya shi ne yarinya ta koma aron ta ƙawa, ta buɗe wani shafin da babu goggon da za ta gane shi. Mafi muni shi ne wani namiji ya lura ba ta da waya ya saya mata, daga nan kuma yana da abin riƙe ta. Amma tsoronka gaskiya ne. Akwai wata yarinya da ta taɓa zuwa teburina da hijabin makaranta, tana kuka har ba ta iya buga lambar sirrinta, tana roƙon in goge mata shafi, saboda wani da ta ɗauka mace ce sa'arta ya karɓi hotonta ba ɗankwali yana barazanar yaɗawa idan ba ta tura kuɗi ba. Abin da ya fi ba ta tsoro shi ne a ji a gida. Na sa ta kira yayarta, domin irin wannan barazana laifi ne a ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015, kuma mai yin ta da shirun yaro yake cin nasara.

Malam Baban Yara, a duk abin da ka faɗa, hoton gwaibar nan ne ya fi damuna. Idan goggonta ta gane gidan da shi, wani ma zai iya. A cire duk hoton da ke nuna gida, layin unguwa ko bajen makaranta. A mayar da shafin na sirri yadda sai wanda ta amince da shi zai gani, a kuma rufe saƙo daga baƙi. Sannan a duba shekarar haihuwar da ta sa lokacin buɗewa. Ƙa'idar Instagram da Facebook da TikTok ita ce shekara 13, kuma tun 2024 Instagram ya fara fito da tsarin shafin matasa mai takaita masu aiko saƙo da irin abin da ake nuna wa yaro, amma yawancin yaranmu suna ƙara wa kansu shekaru, sai manhajar ta ɗauke su manya ta cire musu wannan kariyar. Duk wannan aikin minti goma ne, kuma ya fi kyau ita ta yi shi da hannunta goggonta na zaune a gefe.

Ɗalibar Jami'a, Farin Gada

Baba, ina roƙon a ba ni dama in faɗi abu biyu, domin shekara biyar da suka wuce ni ce a matsayin 'yarka. Da aka gano shafina, wani yayana ya karanta rubutuna da ƙarfi a tsakar gida ana dariya. Ba a doke ni ba, ba a ma karɓe wayar ba, amma na shekara biyu ban sake rubuta ko layi ɗaya ba, kuma har yau ba na sakin jiki da shi. Don Allah kada maganar ta wuce kai da Mama da Goggo.

Na biyun kuma goyon bayan Baba Dattijo ne ta wata fuska da ba a ambata ba. Da farko abin da ke raina nake rubutawa. Da mabiya suka ƙaru, sai na lura rubutun baƙin ciki ya fi samun masu so da sharhi, na fara ƙirƙiro damuwar da ba ni da ita, har na wayi gari ina jin ta da gaske. Nakan ɗora abu in riƙa duba waya duk bayan minti biyar, idan mutum goma kawai suka taɓa sai in goge shi ina jin ni ba kowa ba ce. Mutum yana shiga neman kansa, masu kallo su riƙa juya shi ba tare da ya sani ba. Abin da ya taimake ni wata malamarmu ce da ta riƙa karɓar rubutuna a takarda, tana gyarawa da jan biro, tana gaya mini inda na yi ƙarya. 'Yarka tana bukatar mai karatu ɗaya da ya san fuskarta, wanda ra'ayinsa zai fi mata nauyi a kan na mutum ɗari da ba ta sani ba.

Baban Yara, Unguwar Rogo, Jos

Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Na bar kwana takwas kafin in dawo domin in zo da abin da ya faru.

Goggonta ta ɗauke ta rakiya kasuwar Farin Gada sayen dankali da kabeji, a hanya ta buɗe mata maganar. Ta ce yarinyar ta yi kuka sosai, kuma tambayarta ta farko ita ce ko Baba ya gani. Da aka ce mata na gani kuma ban yi fushi ba, sai ta yi shiru har suka iso gida. A daren suka cire hotunan tsakar gida, suka mayar da shafin na sirri, kuma kamar yadda Mai Gyaran Waya na wannan zaure ya yi hasashe, shekara 21 ta sa wa kanta. An gyara. Na sayo littafin da Dattijo ya ce, na ba mahaifiyarta ta ba ta, kuma malamarsu ta Hausa ta yarda ta riƙa duba abin da ta rubuta.

Ni da ita ba mu ambaci shafin ba, kuma ba na jin za mu ambata. Abin da na yi shi ne ranar Lahadi da safe, muna shan kunun gyaɗa saboda sanyi, na ba ƙannenta labarin kakana da yadda ya zo da jakuna yana kai wa leburorin kuza hatsi, da gidan da aka haife ni a wata unguwa da muka bari a 2001 da kayan jikinmu kawai, da maƙwabcinmu Birom da ya riƙe mana makullin gidan har muka samu mai saye. Da ƙannen nake magana, amma ita ce ta ajiye kofinta. Ban taɓa ba su wannan labari ba, domin ina ganin kare su nake yi. Da na gama, a karo na farko ta tambaye ni abu kai tsaye, ta ce ko mutumin yana da rai. Ban sani ba, kuma na yi alkawarin zan bincika.

Ba a gama daidaitawa a gidan ba. Mahaifiyarta tana tare da Dattijo, tana so a rufe shafin idan an shiga aji uku har a gama jarrabawa, ni kuma ina ganin a bar shi da sharaɗin goggonta tana cikin mabiya. Akwai kuma sabuwar magana: ta roƙi goggonta a bar ƙawar nan tata ta Tudun Wada ta zo gidanmu ranar suna da za a yi wata mai zuwa. Goggon ta riga ta yi magana da mahaifiyar yarinyar ta waya, ta tabbatar yarinya ce 'yar sakandare kamar tamu, kuma uwar ta ce ita ma tana so, amma tana fargabar shigowa unguwarmu. Idan a cikinku akwai wanda ya taɓa shirya irin wannan ziyara tsakanin unguwannin nan biyu, ina son jin yadda ya yi, ko mu je mu ɗauko su da kanmu, ko kuwa a fara haɗuwa a wani wuri na tsakiya kamar gidan adana kayan tarihi.